Tambaya da Amsa: Ƙa'idojin Sukwash da Gardamar da Ke Tasowa a Kulob

A wannan fitowa mun tattara wasiƙun da suka iso mana a kan sukwash, wasan da mutum biyu ke bugawa da raket da ƙaramar ƙwallon roba a cikin ɗaki mai bango huɗu. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, kuma amsoshin sun dogara ne a kan ƙa'idojin Hukumar Sukwash ta Duniya na karawar mutum ɗaya da ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina buga tanis, amma da damina ta kankama sai na koma sukwash a kulob ɗinmu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da ƙwallona ta taɓa layi sai a ce ta fita, kuma idan na ɓata sabis, wato bugun fara wasa, ba a ba ni na biyu. Haka dokar take, ko dai ana cin zalin baƙo ne? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu wanda ya ci zalinka, Malam, abokan wasanka doka suka bi. A tanis ƙwallon da ta taɓa layi tana ciki, a sukwash kuwa ta fita, kuma ba za a fahimci wannan sosai ba sai an san yadda ɗakin yake. Tsawonsa mita 9.75 ne, faɗinsa mita 6.4. Akwai layin sama wanda ya kewaye bangayen huɗu, yana kan tsayin mita 4.57 a bangon gaba, sannan ya gangaro ta bangayen gefe har ya sauka a mita 2.13 a bangon baya, wanda a ɗakuna da yawa na gilashi ne saboda 'yan kallo. Ƙwallon da ta taɓa wannan layi, ko ta haura shi, ko ta bugi rufi, ta fita. A gindin bangon gaba kuma akwai faranti na kwano ko na katako da 'yan wasa ke kira tin, mai tsayin santimita 48, wanda aka yi shi yadda zai yi ƙara idan ƙwallo ta buge shi domin kowa ya ji. Shi ne ke yin aikin da raga ke yi a tanis, kuma a manyan gasannin ƙwararru ana saukar da shi zuwa santimita 43 don a ba mai kai hari ƙarin dama.

Game da sabis, sau ɗaya ake yin sa, kuma wanda ya ɓata ya ba abokin karawarsa maki tare da sabis ɗin. Lokacin da raket ke haɗuwa da ƙwallo, dole ne aƙalla ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa cikin akwatin sabis, wato ɗan murabba'in da aka zana a ƙasa a kowane gefen ɗakin, ba tare da ta taɓa layinsa ba. Ana sakin ƙwallon ne daga hannu a buge ta kafin ta taɓa ƙasa ko bango, ta tafi kai tsaye zuwa bangon gaba, ta same shi a saman layin tsakiya mai tsayin mita 1.78 amma a ƙarƙashin layin sama, sannan ta dawo ta sauka a ɓangaren baya na gefen mai karɓa, sai fa idan shi mai karɓar ya tare ta a sama kafin ta sauka. Mai sabis ne ke zaɓar akwatin da zai fara da shi, dama ko hagu, kuma muddin yana cin maki zai riƙa sauya akwati bayan kowane maki.

Da zarar sabis ya yi kyau, layin tsakiya da layukan ƙasa sun gama aikinsu. Daga nan abin da ake buƙata kawai shi ne ka bugi ƙwallo kafin ta dira ƙasa sau biyu, kuma ta isa bangon gaba a saman tin ba tare da ta taɓa ƙasa a hanya ba. Tana iya bi ta bangon gefe ko ma na baya kafin ta isa, kuma wannan ne ɓangaren da ɗan tanis ya fi daɗewa bai saba da shi ba.

Tambaya: Malam, akwai wani dattijo a kulob ɗinmu wanda ya ce maki 9 ake ƙirgawa, kuma sai mai sabis ne kaɗai ke cin maki. Mu matasa mun san 11. Ba ma son mu yi masa musu, to amma wane ne daidai? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji bai yi kuskure ba, ƙirgar zamaninsa ce yake riƙe da ita, kuma ita ce duniya ta yi amfani da ita shekaru da yawa. A wancan tsari, idan mai karɓa ya yi nasara a musayar ƙwallo ba ya samun maki, sabis kawai yake karɓowa, sai ya sake yin nasara yana riƙe da sabis sannan a rubuta masa ɗaya. Idan aka yi takwas da takwas, mai karɓa ne ke zaɓar ko a tsaya a 9 ko a kai 10. Illar wannan ƙirga ita ce 'yan wasa biyu masu ƙarfi ɗaya suna iya ɗaukar lokaci mai tsawo sabis na kai da komowa tsakaninsu ba tare da maki ya motsa ba. A shekarar 1983 a garin Cicesta na Ingila, Jahangir Khan na Pakistan da Gamal Awad na Masar sun shafe awa biyu da minti 46 a karawa ɗaya, kuma ba kowane mai shirya gasa ko gidan talabijin ne zai iya tsara lokacinsa a kan irin wannan ba.

Saboda haka ne ƙwararrun maza suka koma tsarin da kowace musaya ke haifar da maki ga wanda ya ci ta, ko shi ke sabis ko ba shi ba, da farko zuwa 15, sannan a 2004 suka rage zuwa 11. Hukumar duniya ta mayar da wannan ƙirga ta 11 ta zama ta kowa da kowa daga watan Afrilun 2009. Idan aka yi goma da goma, ana ci gaba har sai ɗaya ya ba da tazarar maki biyu, shi ya sa ake ganin sakamako irin 12 da 10 ko 15 da 13. Karawa kan kasance zagaye biyar, wanda ya fara cin uku shi ya yi nasara, kuma wanda ya ci zagaye shi ke fara sabis a na gaba.

A ganina tsohuwar ƙirgar tana da daɗinta, domin tana ba wanda aka yi wa nisa damar farfaɗowa, kuma babu laifi ku buga ta tare da Alhaji idan wasan motsa jiki ne, matuƙar an amince da hakan tun kafin a juya raket a fitar da mai fara sabis. Amma gasar kulob, da duk yaron da ake shiryawa domin gasa ta ƙasa, 11 ce tasu, musamman yanzu da sukwash zai shiga gasar Olamfik a karon farko a Los Anjeles a 2028.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da wani abokina muna bugawa bayan la'asar, ba mu da alƙali, kuma wasan ya fara jawo ɓacin rai tsakaninmu. Yakan bugi ƙwallo ya tsaya inda yake, idan na zo bugawa sai in tarar da shi a gabana. Idan na tsaya na ce makina ne, sai ya ce ai bai taɓa ni ba, iyakaci a sake. Shi kuma yana ƙorafin cewa ina neman a sake ko da ƙwallon ta yi mini nisa. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin wasiƙun nan, domin mafi yawan gardamar da ake yi a ɗakin sukwash a kanta take. A tanis raga ta raba 'yan wasa, kowa da ɓangarensa. A nan kuwa mutum biyu ne ke gudu da raket a hannu a cikin fili guda da bai kai murabba'in mita 63 ba, kamar lugude a turmi ɗaya, inda idan mai taɓarya ɗaya ba ta ɗage tata ba, ɗayar ba ta da wurin saukewa. Saboda haka doka ta ɗora nauyi a kan wanda ya gama bugu, cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kauce, ya ba abokin karawarsa abubuwa huɗu: ya ga ƙwallon yayin da take dawowa daga bangon gaba, ya samu hanya kai tsaye zuwa gare ta, ya samu sararin da zai ɗaga raket ya buga ya sauke cikin hankali, kuma ya iya aika ta zuwa kowane sashe na bangon gaba. Babu inda aka ce sai an taɓa mutum kafin a ce an tare shi, don haka hujjar abokinka ba ta da tushe.

Idan ɗan wasa ya ga an tauye masa ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya tsaya nan take ya nemi let, wato a sake buga makin. Hukuncin da zai biyo baya iri uku ne: a hana shi, makin ya tafi ga abokin karawarsa, ko a sake, ko a ba shi makin gaba ɗaya, wanda ake kira sitirok. Alƙalin wasa yakan bi tambayoyi ne ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke, kuma ku ma kuna iya bin su. Ta farko, shin da gaske an tare shi, ko kuwa ɗan gogayya ce da ba ta hana shi ganin ƙwallo ko isa gare ta ba? Idan ƙaramar gogayya ce, babu let. Ta biyu, da ba a tare shi ba, zai iya cim ma ƙwallon ya mayar da ita daidai? Idan ba zai iya ba, babu let, ko da an tsaya masa a hanya. A nan ne ƙorafin abokinka yake da ƙarfi, Malam, domin ƙwallon da ta riga ta mutu a kusurwar gaba kana can baya ba ta zama taka don kawai ka yi karo da kafaɗarsa. Haka kuma wanda ya bar hanyar ƙwallo ya nufi jikin abokin karawarsa don ya samu dalilin tsayawa, shi ya ƙirƙiri tarewar, kuma ba a ba shi komai.

Idan an tabbatar an tare shi kuma zai iya bugawa, sai a duba ɗaya ɓangaren. Wanda ya tare ɗin ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kauce? Idan bai yi ba, sitirok ne, kuma wannan ne hukuncin mutumin da ke buga ƙwallo ya tsaya yana kallonta. Idan ya yi ƙoƙari amma bai samu kaucewa ba, a sake. Sai dai akwai yanayin da ƙoƙari ba ya ceton mutum. Idan jikinsa ya hana raket ɗin abokin karawarsa motsawa gaba ɗaya, ko yana tsaye a kan hanyar ƙwallo kai tsaye zuwa bangon gaba har mai bugun ya janye hannunsa don kada ya same shi, ko kuma bugun da aka hana ɗin na cin maki ne ƙarara, to sitirok ne ko da ya yi ƙoƙarin kaucewa. Sababbin 'yan wasa kan ga wannan kamar tsanani ne, amma idan aka duba za a ga cewa kusan kullum asalin matsalar bugu ne marar kyau. Wanda ya bugi ƙwallo ta dawo tsakiyar ɗaki inda shi kansa yake tsaye, shi ya jefa kansa cikin halin, kuma maganinsa shi ne ya koyi aika ta a jikin bangon gefe zuwa kusurwar baya, sannan ya zagaya ya koma tsakiya, inda layukan ƙasa suka haɗu, ba tare da ya ratsa gaban abokin karawarsa ba.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata kai ma ka kiyaye. Ba a buga ƙwallo a ga ta faɗa tin sannan a ce ai an tare ni, domin wanda ya ci gaba da wasa ya yafe haƙƙinsa. Kuma sararin da doka ta ba ka na bugu ne mai ma'ana, gwiwar hannu a lanƙwashe. Mai miƙe hannu yana wurga raket kamar yana filin tanis ba zai ce an tare shi ba, hasali ma alƙali na iya yi masa gargaɗi, ya cire masa maki, ko zagaye, ko karawar baki ɗaya idan ya ƙi gyarawa.

Tunda ba ku da alƙali, shawarata ita ce ku daidaita tun a bakin ƙofa cewa duk abin da kuka yi saɓani a kansa za a sake shi, sitirok kuwa wanda ya yi tarewar ne zai miƙa shi da kansa idan abin ya fito fili. Wannan ita ce al'adar da 'yan wasa masu mutunci ke bi a ko'ina. Doka ma ta ba da let ga wanda ya tsaya saboda tsoro mai dalili na kada ya ji wa ɗan'uwansa rauni, ko da daga baya aka ga akwai ɗan sarari, don haka babu wanda zai ce tsoron asarar maki ne ya sa ya buga ƙwallo a bayan mutum.

Tambaya: Malam, na bugi ƙwallo ta samu abokiyar wasana a cinya kafin ta kai bango. Ni na ce makina ne, ita ta ce nata ne tunda ita aka ji wa ciwo. Yaya hukuncin yake? Daga wata mai karatu a Abuja.

Amsa: Malama, hukuncin ya danganta ne da inda ƙwallon ta nufa da kuma yadda kika tsaya lokacin bugun. Idan da ma ba za ta kai bangon gaba daidai ba, makin nata ne. Idan kai tsaye ta nufi bangon gaba, kuma bugunki na farko ne, makin naki ne, domin ita ce ta tsaya a inda doka ta ce ta bar miki. Idan ta bangon gefe za ta bi kafin ta isa gaba, sai a sake, sai fa idan bugun na cin maki ne babu shakka. Idan kuma kin kai hannu kin kuskure sannan kika sake bugawa ta same ta, nan ma sakewa ake yi, saboda ba ta da yadda za ta san za ki sake kai hannu.

Inda hukuncin ke juyewa shi ne idan kin juya, wato ƙwallon ta wuce ki ta gefe ɗaya, ta zagaya bayanki ta bangon baya, kika bi ta kika buge ta ta ɗaya gefen. A wannan yanayi ba kya ganin inda abokiyar karawarki take, ita ma ba ta san inda za ta fake ba, don haka idan kika buga ta same ta, ita ake ba makin, sai dai idan da gangan ta shiga gaban ƙwallon. Abin da ya dace a nan shi ne ki tsaya ki nemi let. Akwai kuma yanayin da ƙwallon da kika buga za ta dawo daga bangon gaba ta same ki ke da kanki kafin ta dira sau biyu, kuma a nan ke kika yi asara, sai idan tsayuwar abokiyar karawarki ce ta hana ki kaucewa.

Ko da yake doka na ba ki maki idan kin same ta a kan hanyar bangon gaba, tana ba ki wannan makin dai idan kin janye hannu kin nema, saboda haka babu ribar da bugun ya ƙara miki. Idan jini ya fito, ana dakatar da wasa har sai an tsayar da shi an rufe raunin.

Tambaya: Malam, mun sayi ƙwallo mai ɗigo biyu rawaya domin an ce ita ce ta gaske, amma da sassafe lokacin hunturu ba ta tashi ko kaɗan, yarana ba sa iya mayar da ita sau uku a jere. Jabu aka sayar mana? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Da wuya ta zama jabu, Malam, ba ta dace da masu bugun ba ne kawai. Ƙwallon sukwash roba ce mai iska a ciki, faɗinta kimanin milimita 40, nauyinta kimanin giram 24, kuma ba ta tsalle sai ta yi ɗumi, domin zafi ne ke sassauta robar ya kuma ƙara matsin iskar da ke cikinta. Mai ɗigo biyu rawaya ita ce mafi ƙarancin tsalle cikin waɗanda aka saba amfani da su, an yi ta ne domin ƙwararrun da bugunsu ke da ƙarfi kuma musayarsu ke daɗewa, har ta riƙa yin zafi a tafin hannu. Yaro ko sabon shiga ba zai iya ɗumama ta haka ba, balle a sanyin Jos na watan Disamba. Sama da ita a tsalle akwai mai ɗigo ɗaya rawaya, sai mai ja, sai mai shuɗi wadda ita ce ta masu koyo, kuma da ita ko mai ja ya kamata yaranka su fara. Mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri zai ga akasin abin da ka gani, domin a zafin watan Afrilu, cikin ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, mai ɗigo biyun kan yi ɗumi da wuri har ɗan wasa matsakaici ya ji daɗinta.

Ɗumama ƙwallo na cikin dalilan da suka sa doka ta ware minti huɗu kafin a fara karawa, biyu a kowane gefe, kuma a wannan lokaci ana mayar wa juna ƙwallo ne daidai wa daida, ba mutum ɗaya ya riƙe ta yana bugawa kansa ba. Idan ta fashe ana cikin musaya, ana sake makin da sabuwa bayan an ɗumama ta.

Tunda ka ambaci yara, ka saya musu tabarau na kariya kafin ka ƙara sayen wata ƙwallon. Girman ƙwallon sukwash ya yi daidai da ramin ido, ƙashin da ke kewaye da idon ba ya tare ta, shi ya sa hukumar duniya ta wajabta tabarau ga 'yan ƙasa da shekara 19 a gasanninta da kuma masu buga biyu da biyu. Gilashin magani na yau da kullum ba ya maye gurbinsa, domin yana iya fashewa a fuska. Su kuma shiga da takalmi mai tafin da ba ya barin baƙin zane a kan katako, wanda ba a taka waje da shi ba, saboda ƙurar hunturu da ke manne a tafin takalmi tana sa daɓen ya yi santsi.